Bututun Sammani Goma Sha Biyu

Akwai wani manomi da aka yi a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sunansa Sammani. Idan kana neman mutumin da bai taɓa ce wa ransa a'a ba, to ka zo gidan.

In ya zauna a teburin mai shayi aka ce, "Sukarin ya isa haka?" sai ya ce, "Ƙara." In ya ratsa ta wurin mai tsire a Kura, ba ya tashi sai ya sassauta tazuge. Kar ku ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Yana da kyauta, yana da raha, kuma a ƙarfin noma babu mai kama ƙafarsa a ƙauyen. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ya yi masa daɗi, bai san inda ake tsayawa ba.

Kuma duk duniya babu abin da yake yi masa daɗi kamar ya ga ruwa yana shiga gona.

Yana da dalilinsa. Yana saurayi aka yi babban farin nan. A gaban idonsa geron mahaifinsa ya ƙone a tsaye. Ya ga tsohon yana jan ruwa da jigo daga rijiyar da ta kusa komawa taɓo, don ya ceci 'yan fangulan albasa, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwanciyar da bai tashi ba ke nan. Shi ya sa ranar da ruwan madatsar Tiga ya fara gangarowa ta magudanar da aka haƙa musu, Sammani ya durƙusa a bakinta ya yi ta kuka kamar ƙaramin yaro.

Yadda ake ban ruwa a can, akwai wani lanƙwasasshen bututun roba. Za ka nutsa shi cikin magudana ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka jawo shi ka ɗora a kan gaɓa, sai ruwa ya dinga zuƙowa da kansa yana shiga fangali. Yawancin manoma uku ko huɗu suke da su. Sammani goma sha biyu gare shi, kuma kowanne ya yi masa alama da jan fenti.

Gonarsa ce a bakin ƙaramar magudanar da ke bi ta wajen, ita ruwa yake fara tararwa. A can ƙarshen magudanar kuwa akwai wata 'yar gona ta Malam Surajo, malamin Turanci a firamaren garin. Siriri ne, ba shi da hayaniya, kullum hannun rigarsa da burbushin alli. Sai an tashi daga makaranta yake hawa kekensa ya tafi gona.

A shekarar 1987, bayan an hana shigo da alkama daga waje, alkamar gida ta yi daraja. Kowa yana son shukawa, iri mai kyau ne babu. Ana nan sai ga malamin gona a kan babur, da buhu biyu na wani sabon iri. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa Dattijo.

Malamin gona ya ce, "Jama'a, wannan ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne. Buhu biyun nan su ne rabon garinku, babu wani a bayansu. Mutum ɗaya zai shuka a gona mai kyau. In an girbe, a raba wa kowane gida ya samu na shukawa baɗi."

Ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, "Kuma ku ji da kyau. Sau ɗaya a sati ake ba alkamar nan ruwa. A ba ta ta ƙoshi, sannan a ƙyale ta."

Ba a yi wata doguwar shawara ba. Gonar Sammani ce ta fi kyau, kuma shi ya fi kowa juriyar aiki. Ya miƙe ya bugi ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, ku fara tanadin buhuna. In alkamar nan ta yi ƙishirwa ko na yini ɗaya, ku canza mini suna."

Aka yi dariya. Babu wanda ya lura cewa ba ƙishirwa malamin gona yake tsoro ba.

Ranar shuka, Malam Surajo ya jingine kekensa a bakin gona ya ce, "Yaya Sammani, in an samu ragowa a sam mini ko kaɗan ne, in gwada a wajena."

Sammani ya kwashe da dariya. "Haba Malam! Alkama fa ba ta jin Turanci." Amma da yake ba marowaci ba ne, ya kakkaɓe gindin buhunan, aka samu tiya uku, ya juye masa a buhun taki.

Kwana biyun farko Sammani ya bi doka. A rana ta uku ya zo da hantsi, ya ga saman ƙasa ya yi fari, har ya ɗan tsattsage. Ga ruwa nan yana wucewa a gefensa, yana ƙara mai daɗi. Ya ce a ransa, bututu ɗaya dai, ta jiƙa maƙoshi.

Kashegari ya sa biyu. Kafin sati ya zagayo, duk goma sha biyun suna jere a kan gaɓa. Ya fito daga sallar asuba, ya jera su, ya shimfiɗa buhu, ya kunna rediyo, ya ɓare goro, ya zauna yana kallon ruwa yana malala fangali bayan fangali. In ka gan shi a lokacin, ka ga mutumin da duniya ta yi wa daɗi.

Abin da ya ƙara ruɗa shi, da farko alkamar ta yi kyau. Ta fito kore shar, ta cika gona. Masu wucewa a keke sukan tsaya su ce, "Masha Allah, gonar wa ce wannan?" Kan Sammani ya ƙara girma.

Shi kuwa Malam Surajo, ruwa ya daina isowa gonarsa, domin bututu goma sha biyu ba sa barin komai ya wuce. Rana ɗaya tak yake samu: Juma'a. Ranar ce Sammani yake kwashe bututunsa ya tafi masallaci a Kura, daga nan ya zarce wurin mai tsire. Ranar kuma da wuri ake tashi daga makaranta. Sai Malam ya ba 'yar gonarsa ruwa ta ƙoshi, ya haƙura sai wata Juma'ar.

Wata rana da yamma ya tako har gonar Sammani. Suka gaisa, ya tsuguna a kan gaɓa yana duban ruwan da ya kwanta a cikin fangulan.

Ya ce, "Yaya, yau a aji shida na koya wa yara wata magana ta Turanci, sai na tuna da kai."

"To fa. Mece ce?"

"Indulge in."

"Indalji me?"

Malam ya yi murmushi. "Ana faɗarta ne idan mutum ya saki jiki ya ba ransa abin da yake so, don daɗi kawai, ba don buƙata ba. Mai ƙishirwa in ya sha ruwa, ba a faɗa masa ita. Mai yunwa in ya ci tuwo, ba a faɗa masa. Amma wanda ya ƙoshi, ya ga tsire ya kasa wucewa, to shi ake faɗa wa. In jefi-jefi ne, ba a ɗauke shi laifi ba. In ya zama kullum, nan ne ɓarna take shigowa. Na ce yara su ba ni misali, wata ta ce kakarta da goro. Ni kuwa gonar nan ce ta faɗo mini a rai."

Fuskar Sammani ta fara canzawa.

Malam ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, don Allah kar ka yi fushi. Ban ruwan nan na kullum, don alkamar kake yi, ko don kai?"

Sammani ya miƙe tsaye. "Au, abin da ya kawo ka ke nan? Fito fili ka ce ruwa kake so ya wuce gonarka!"

"Ina so, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na Juma'a yana isata. Irin shukar garin nan nake jiye wa. Buhu biyun nan fa babu wasu."

"Malam, ka taɓa ganin gero ya mutu a tsaye? Ka taɓa ganin ubanka yana tatsar taɓo? Ni na gani. Muddin ina numfashi, shukata ba za ta nemi ruwa ta rasa ba. Ka koma ajinka."

Malam Surajo ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya tura kekensa ya tafi.

Kashegari a teburin mai shayi Sammani ya mai da abin wasan kwaikwayo. Ya kwaikwayi tafiyar Malam, ya kwaikwayi muryarsa, ya laƙaba masa Malam Indalji. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Sunan ya bi gari, Malam ya yi kamar bai ji ba.

Akwai mutum ɗaya da take da ikon tsawata wa Sammani, mahaifiyarsa Inno. Shi ne autanta, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin maza. Wata rana ta dogara sandarta ta je ganin gonar da ake ta yabo. Ta tsaya, ta shaƙi iska, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Auta, ƙasar nan warin taɓo take yi. Anya ruwan nan bai yi yawa ba?"

Sammani ya san lagonta. Ya zaro farin goro daga aljihu ya danƙa mata, ya ce, "Inno ke nan! Ke ma Malam Indalji ya ɗauke ki a makarantarsa ne?" Ta yi dariya, ta kai masa dukan wasa da sanda, ta koma gida.

Gaskiya a nan tsohuwar ta ba ni haushi. Ta gani, ta gane, amma goro ɗaya ya rufe mata baki.

Da alkama ta kai sati shida, ganyen ƙasa ya fara yin rawaya. Ku ce mini me Sammani ya yi? Ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Rawayar ta hau sama, ya watsa taki, ya sake ƙara ruwa.

Lokacin da malamin gona ya zagayo, yana sa ƙafa a gonar ya nutse har idon sawu, da ƙyar ya zaro takalminsa. Ya riƙe baki ya ce, "Innalillahi! Malam Sammani, shinkafa muka ba ka ko alkama? Ka kwashe bututun nan yau. Kar ka sake ba ta ruwa sai bayan kwana goma, wataƙila a ceci wani abu."

Sammani ya sha jinin jikinsa, ya kwashe. Ya daure kwana ɗaya, biyu, uku. A na huɗu da rana ta take, ya ga ganyen ya yi laushi ya sunkuya. Ya zagaya gonar sau uku yana cizon yatsa. Ga ruwa yana wucewa. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Wanda ya zo a babur ya tafi, ina ya san halin da take ciki?" Ya mayar da bututun duka.

Wajen ƙarshen sanyi, alkama ta fitar da kai, sai aka yi wata iska mai ƙarfi ta yini biyu. Ranar da ta lafa, Sammani ya je gona ya tarar da alkamar ta kwanta shame-shame a cikin taɓo, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya yi ta ɗaga ta da hannu tana komawa. A nan kan ya ruɓe.

Da aka girbe abin da ya girbu aka sussuke, ko buhu biyun da aka shuka bai mayar ba. Ɗan abin da aka samu ma ya yi baƙi, ya motse, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci.

Ranar da aka sa za a raba iri, mutane suka zo da buhunansu kamar yadda ya ce su tanada. Wasu har sun ƙi ajiye tsohon iri saboda sun dogara da shi. Aka tsaya cirko-cirko a bakin gona. Sammani ya sunkuyar da kai.

Malamin gona ya tumɓuke wani kututturen alkama daga gonar ya ɗaga. Saiwar ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, ta yi baƙi, tana wari.

Ya ce, "Ku biyo ni." Aka bi shi har ƙarshen magudana, gonar Malam Surajo. Ita ma an girbe ta. Ya kama wani kututture ya ja, ya ƙi fitowa, sai da ya sa fartanya. Saiwar fara tas, ta fi taƙi biyu, ta rarrabu cikin ƙasa.

Ya haɗa su biyun ya nuna wa jama'a. "Iri ɗaya ne, iska ɗaya ce ta kaɗa su. Wannan ana ba ta ruwa a ƙyale ta, sai ta bi shi ƙasa tana nema, ta kafu. Wannan kuwa kullum ruwa yana bakinta, me za ta je nema? Shi ya sa ko kwana huɗu ba ta iya daurewa, kuma iska tana zuwa ta faɗi."

Mai unguwa Dattijo ya juya ya ce, "Malam Surajo, me ka samu a tiya ukun?"

"Buhu biyu, ranka ya daɗe. Suna zaure, ban taɓa ko ƙwaya ba. Na mutanen gari ne."

Wurin ya ɗauki kabbara. An yi asarar shekara guda, amma iri bai ɓace ba. Nan take aka ce bana Malam ne zai shuka.

Malam ya girgiza kai. "Gonata ba za ta ɗauki buhu biyu ba, kuma ni rabin yinina a aji yake. Ƙasar da ta fi kyau har yanzu ta Yaya Sammani ce. A huɗa, a shuka, a cire ciyawa, babu wanda ya kai shi. A mayar masa."

Hayaniya ta kaure. Wani ya ce, "Mu sake ba shi ya jiƙa mana?" Sammani ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Mutumin da ya mayar abin dariya a teburin shayi, shi ne yau yake tsaya masa.

Ya ce, "Malam, na gode, kuma ka yafe mini. Amma kar ku ba ni. Ka tambaye ni don wa nake ban ruwan nan, na ƙi ba ka amsa. Don kaina nake yi. In na ga ruwa yana wucewa, hannuna ba ya jin maganata. Ban yarda da kaina ba."

Mai unguwa ya ce a je a kwana a kan maganar.

Da la'asar Sammani ya shiga gida, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inno. Labari ya riga shi isowa, har da maganar saiwa.

Inno ta ce, "Auta, ba kai ka fara wannan ban ruwan ba. Ni na fara."

Ya ɗago ya dube ta.

"Yayyenka uku na binne kafin in same ka. Da ka zo, na rantse ba za ka nemi abu ka rasa ba. Ka yi kuka in ba ka, ka yi shiru in ƙara maka. Ko a shekarar fari, nawa tuwon nake juye maka in kwana haka. Ina ce so ne. Ranar nan na ji warin ƙasar, na san gaskiya, ka ba ni goro na yi shiru." Ta share ido da gefen mayafi. "Tashi ka kwaso mini bututun nan. Duka."

Ya kwaso su, goma sha biyu, ta sa ya tura su ƙarƙashin gadonta. Ta aika wa mai unguwa cewa a ba ɗanta irin, ita za ta riƙe ruwan. Da aka ji haka, aka yarda.

Sanyi ya dawo, aka shuka. Ran Alhamis kaɗai Inno take fito da bututu, kafin magariba a dawo mata da su ta ƙirga.

A sati na biyu, ran Lahadi, sai ga Sammani a ƙofar ɗakinta, yana murmushi, da farin goro a hannu.

"Inno, ƙasar fa ta yi fari. Guda ɗaya kawai, ta jiƙa maƙoshi."

Ta dubi goron, ta dube shi. Ta ce, "A'a."

"Inno, ni ne fa, Autanki."

"Na gan ka. A'a."

Shekararsa arba'in da ɗoriya, ranar ya fara jin kalmar daga bakinta. Ya juya ya fita. Matarsa Hajara ta ce da ta shiga kai wa tsohuwar fura, ta tarar da ita zaune a kan gadon tana kuka, ta danne bakin bututun da ƙafa kamar za su gudu.

A shekarar an sake yin iska, alkamar ta rausaya ta miƙe. Aka girbe, aka raba, babu gidan da bai samu iri ba. Sunan Malam Indalji bai bar Malam Surajo ba, sai dai yanzu da girmamawa ake faɗa. Shayi kam, kar in yi muku ƙarya, har Sammani ya tsufa yana cewa a ƙara sukari.

Bayan girbi Inno ta jawo bututun daga ƙarƙashin gado ta ce, "Ga kayanka, ka cika alkawari."

Sammani ya tsuguna, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya inda suke. Ya ce, "Bar su a nan, Inno. Na fi son in zo in roƙa ki hana ni."

Darasi: Ba duk abin da rai ya nema ake ba shi ba, kuma ba duk bayarwa ce ƙauna ba. Wanda ya saba biye wa ransa kullum, ko ya saba biye wa ɗansa, yana hana shi yin saiwar da zai tsaya a kanta ranar da iska ta taso. In ka san akwai abin da ba ka iya hana kanka, kar girman kai ya hana ka miƙa shi ga wanda zai iya ce maka a'a. Ku tura wannan labari ga iyaye da 'yan uwa, wataƙila akwai mai bututu goma sha biyu a cikinsu.